Shafin Taƙaitawa da Haɗarin Lantarki: Me Ya Kamata Mai Binciken Gida Ya Faɗa?

 

Yau za mu leƙa ƙasar Amurka, jihar Karolina ta Arewa, domin mu duba wata gajeriyar doka da masu binciken gidaje, da dillalai, da masu sayen gida suke ja-in-ja a kan fassararta. Dokar ta shafi shafi guda tak na rahoton binciken gida, wato shafin taƙaitawa. Tambayar da za mu bi ita ce: idan mai bincike ya ga haɗarin lantarki a gidan da ake ciniki, a ina zai rubuta shi? A shafin da kowa ke karantawa, ko can cikin tsakiyar rahoto inda ido bai cika kaiwa ba?

Bari mu fara daga tushe. A Amurka, kafin mutum ya kammala sayen gida, al'ada ce ya ɗauki ƙwararren mai bincike ya biya shi, ya zagaya gidan tun daga rufi har ginshiƙi. Zai duba famfo, da na'urar ɗumama ɗaki, da na'urar sanyaya ɗaki, da wayarin ɗin wuta, sannan ya rubuta rahoto. Babu mai son cinikin biri a sama, balle a kan abin da zai shafe shekara 30 yana biyan bashinsa. Wannan aiki ya zama sana'a mai ƙungiya tun 1976, lokacin da aka kafa ƙungiyar ASHI ta masu binciken gidaje. A Karolina ta Arewa kuwa, ba ka yin wannan aiki don a biya ka sai da lasisi daga hukumar jiha, kuma idan ba a ajiye wata rana a rubuce ba, doka ta ba ka kwana 3 na aiki ka miƙa rahotonka.

Rahoton yakan yi kauri. Shafuka barkatai, hotuna birjik, kalmomin sana'a ko'ina. Shi kuma mai saye yana cikin matsi, domin yarjejeniyar cinikin gida a wannan jiha tana ba shi 'yan kwanaki ƙayyadaddu ya gama duk bincikensa, kuma ya riga ya biya wani kuɗi da ba za a mayar masa ba idan ya fasa. To mutumin da ke cikin wannan hali, me zai karanta? Shafin taƙaitawa. Shi dillali ke dubawa, shi ake kai wa mai sayarwa, a kansa ake zama a ce gyara wannan ko ka rage mini kuɗi. Abin da bai shiga wannan shafi ba, sau da yawa tamkar ba a gan shi ba ne.

Yanzu ga abin da dokar ta tanada. Ta wajabta wa mai bincike ya sa abu iri biyu a shafin taƙaitawa. Na farko, duk wani sashe na gida da ba ya aikin da aka yi shi dominsa, ban da tsufan yau da kullum wanda bai hana shi aiki ba. Na biyu, duk abin da akwai shaidar zahiri da ke nuna kamar ba ya aiki daidai, har yana bukatar a sake dubawa ko a kira gwani. Sannan ta ambaci iri na uku, wato abin da ke da haɗari ga lafiya ko rai. Sai dai a nan ba ta wajabta ba. Ta bar wa mai bincike zaɓi: in ya so ya sa, in ya so ya bari. Ta kuma umarce shi ya rubuta gargaɗi a shafin, cewa taƙaitawa ba ita ce dukan rahoto ba, a karanta cikakken rahoton da wuri, kuma batun abin da za a iya ciniki a kansa a tambayi dillali ko lauya.

Biyu wajibi, ɗaya zaɓi. A wannan tsaga ce rigimar take, kuma lantarki ne ya fi faɗawa cikinta.

Mu ɗauki misali, domin magana ta fito fili. A ce gida ne da aka gina a 1968. Mai bincike ya shiga banɗaki, ya tarar da soket mai na'urar kariya da ake kira GFCI, wadda wani mai gida na baya ya sa. Ya danna maɓallin gwaji, wuta ba ta yanke ba. Wannan babu gardama: na'ura ce da ba ta aikinta, dole ta shiga taƙaitawa. Ya buɗe akwatin rarraba wuta, ya ga baƙin tabon ƙuna a bakin wata waya. Wannan ma babu gardama: shaida ce ta zahiri, dole a rubuta, a ce a kira ma'aikacin lantarki mai lasisi. Sai ya shiga kicin, ya tarar da soket dab da wurin wanke-wanke, babu GFCI ko kaɗan. Ya jona na'urar gwaji, wuta ta kawo garau. Soket ɗin lafiyarsa ƙalau, yana yin abin da magininsa ya nufa a 1968. To shi fa?

Kafin mu amsa, mu san me wannan na'ura take yi. Bireka ko fis da ke cikin akwatin wuta a gidajen Amurka galibi ba ya yankewa sai wuta ta zarce amfiya 15 ko 20. Aikinsa shi ne ya hana waya zafi ta kama da gobara. Amma zuciyar ɗan Adam ba ta jure ko kusa da haka. Ƙasa da kashi 1 cikin 10 na amfiya ɗaya, idan ya ratsa ƙirji, yana iya rikita bugun zuciya har ya kai ga mutuwa. Ke nan wuta za ta iya jan mutum har lahira, bireka bai ko motsa ba. Ita kuwa GFCI, auna wutar da ta fita da wadda ta dawo take yi. Da zarar ta ga an samu giɓi na kusan kashi 5 cikin 1,000 na amfiya, ta san wuta ta bi wata hanya, wataƙila jikin mutum mai jiƙaƙƙen hannu, sai ta yanke cikin ƙiftawar ido. Wani farfesa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Charles Dalziel, wanda ya shafe shekaru yana nazarin yadda lantarki ke yi wa jikin mutum, shi ya ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1960.

Kundin ƙa'idojin lantarki na Amurka, wanda ake kira NEC, ya fara fitowa a 1897, kuma duk shekara 3 ake sabunta shi. A hankali ya riƙa shigo da wannan na'ura: a farkon shekarun 1970 aka fara da soket na waje da na kusa da wurin ninƙaya, a 1975 aka kai banɗaki, a 1978 garejin mota, a 1987 soket ɗin kicin da ke kusa da wurin wanke-wanke. Gidanmu na 1968 ya girmi duk waɗannan. Kuma ƙa'idar gini ba ta komawa baya ta kama tsohon gida. Mai shi bai karya doka ba.

Daga nan fassara ta rabu biyu. Masu ra'ayi na farko suna cewa: abin da babu shi ba za a ce ya lalace ba. Soket yana aiki kamar yadda aka nufa a zamaninsa, don haka rashin GFCI shawara ce ta ingantawa, wurinta cikin rahoto, ba a taƙaitawa ba. Masu ra'ayi na biyu suna cewa: manufar soket ai ba kawo wuta kaɗai ba ce, kawo ta ne ba tare da cutar da mai amfani ba, saboda haka soket marar kariya a bakin ruwa bai cika aikinsa ba, kuma ya shiga sahun wajibi.

Ni dai, masu sauraro, idan aka tsaya kan lafazin doka, ina ganin masu ra'ayi na farko sun fi kusa da gaskiya. Da majalisa ta so haɗari ya shiga cikin wajibi, da ba ta ware masa jumlarsa daban ba. Amma a nan ne na rabu da su. Dokar ta faɗi abin da ya wajaba a rubuta ne, ba ta rufe ƙofa a kan maganar haɗari ba. Da gangan ta buɗe wa mai bincike hanya ya sa haɗari a taƙaitawa. Wanda aka ba shi izinin yin gargaɗi, ya ga abin da zai iya kashe yaro, sannan ya ce ai ba a tilasta mini ba, wannan ya tsira a gaban hukuma, amma bai sauke amanar wanda ya biya shi ba. Ruwan famfo bai san shekarar da aka gina gida ba, haka ma lantarki.

Akwai wani sashe na dokar da yake sa wasu masu bincike ɗari-ɗari, kuma ya kamata mu fahimce shi. Dokar ta ce idan mai bincike zai rubuta cewa wani abu ya saɓa wa ƙa'idar gini ta jiha, to sai ya gano lokacin da aka yi ginin ko gyaran, ya gano ƙa'idar da ke aiki a lokacin, ya auna da ita, kuma ya haɗa kwafin sassan da ya dogara da su. Wannan sharaɗi ne mai kyau, domin yana hana a zargi mai tsohon gida da karya dokar da ba a rubuta ba sai bayan ya gama gininsa. Sai dai wasu sun ɗauke shi tamkar takunkumi ne a kan maganar lantarki gaba ɗaya. Ba haka ba ne. Cewa abu ya saɓa ƙa'ida hukunci ne na doka. Cewa abu yana da haɗari bayani ne na sana'a. Mai bincike yana iya rubuta cewa soket ɗin da ke kusa da wurin wanke-wanke ba shi da na'urar kariya, cewa rashinta na iya sa wuta ta ja mutum, kuma yana ba da shawarar ma'aikacin lantarki mai lasisi ya sa ta. Bai ambaci ƙa'ida ba, bai zargi kowa ba, kuma ya faɗi gaskiya. Wannan ma shi ne tsarin da ake koya wa masu bincike a jihar: ka bayyana abin da ka gani, ka faɗi matsalarsa, ka faɗi abin da za ta iya haifarwa, ka nuna matakin da za a ɗauka.

Mu koma gidanmu na 1968, domin ba mu gama da shi ba. Daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon 1970, jan ƙarfe ya yi tsada, sai magina da yawa a Amurka suka koma wayar alminiyam mai sili ɗaya. Matsalarta a mahaɗa take. Alminiyam ya fi jan ƙarfe buɗewa da tsukewa idan ya yi zafi ya huce, sai kusoshi su saki a hankali, tsatsar da ke hawa kansa ta tare hanyar wuta, mahaɗa ta riƙa zafi a bayan bango. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka, CPSC, ta bayyana cewa gidajen da aka yi wa wayarin da irin wannan waya kafin 1972 sun ninka gidajen jan ƙarfe sau 55 wajen yiwuwar samun mahaɗar da ta kai matakin tayar da gobara. Ƙa'idar aiki ta jihar ta umarci mai bincike ya rubuta idan ya ga irin wannan waya. Amma duba: fitila na kamawa, firiji na aiki, babu tabon ƙuna. Idan aka bi fassarar nan mai tsauri, sai wannan magana ta kwanta a shafi na talatin da wani abu, alhali ita ce mafi nauyi a dukan rahoton.

Haka batun akwatunan wuta na kamfanin Federal Pacific, samfurin Stab-Lok, waɗanda aka sa a gidaje masu ɗimbin yawa daga shekarun 1950 zuwa 1980. An yi ta ƙorafin cewa birekokinsu ba sa yankewa lokacin da ya kamata. Hukumar CPSC ta bincika, ta rufe binciken a 1983 ba tare da yanke hukunci a kan lafiyarsu ba, tana mai nuni da tsadar ci gaba da aikin. Gwaje-gwajen da injiniyoyi masu zaman kansu suka yi daga baya sun nuna da yawa daga cikinsu suna ƙin yankewa. Mai binciken gida ba ya ɗora wa bireka wuta fiye da kima don ya gwada shi. Da ido yake aiki, kuma a ido akwatin nan lafiya lau. Ranar da za a san ko yana aiki ita ce ranar da ake bukatarsa, kuma idan ya gaza a ranar, gobara ce. Ku gaya mini, wane mai saye ne zai so a ɓoye masa wannan a cikin tarin shafuka?

Wasu wurare sun warware wannan ƙulli ta wata hanya. A jihar Teksas, hukumar da ke kula da harkar gidaje ta fitar da fom guda da kowane mai bincike zai yi amfani da shi, kuma ƙa'idarta ta ce a rubuta rashin GFCI a wuraren da ake bukatarta a matsayin naƙasu, ko da gidan ya girmi ƙa'idar. Fom ɗin ya kuma fayyace cewa rubuta naƙasu ba ya tilasta wa kowa gyara. A Ingila kuwa, rahoton lafiyar wayarin yana ba kowace matsala lamba. C1 na nufin haɗari yana nan yanzu, a gyara nan take. C2 na nufin abu na iya zama haɗari, a gyara da gaggawa. C3 shawarar ingantawa ce. FI kuwa na nufin a zurfafa bincike. Tun 2020 doka ta wajabta wa masu ba da hayar gidaje a Ingila su sa a yi wannan bincike aƙalla duk shekara 5, kuma idan rahoto ya nemi gyara, a yi shi cikin kwana 28 ko ƙasa da haka. Kyan wannan tsari shi ne yana auna matsala da girman haɗarinta, ba da tambayar ko abu na kamawa ko ba ya kamawa ba.

To amma mu yi wa ɗaya ɓangaren adalci, domin suna da hujja. Dillalai da masu sayarwa suna kukan cewa wasu masu bincike, saboda tsoron a kai su ƙara, sai su kwashe komai su zuba a taƙaitawa, daga murfin soket da ya tsage har ƙofar da ke ƙara, taƙaitawa ta koma rahoto na biyu. Mai saye ya gani ya tsorata ya gudu daga gida mai kyau, ko kuma ya gaji ya daina karantawa. Wannan kuka gaskiya ne. Idan aka yi wa kowane abu ihu, ba za a ji ihun gobara ba. Kuma ba adalci ba ne a tilasta wa mai tsohon gida ya mayar da shi sabo kafin ya sayar.

Sai dai maganin wannan shi ne tantancewa, ba shiru ba. Ma'aunin da nake ganin ya dace mai sauƙi ne. Mai bincike ya tambayi kansa: wannan abu zai iya jan mutum ko ya tayar da gobara a cikin amfanin yau da kullum, ba tare da wani ya yi ganganci ba? Idan amsar e ce, wurinsa taƙaitawa, ko ya lalace, ko babu shi tun asali. Idan kuwa batun jin daɗi ne, kamar ƙarancin soket a ɗaki, ya zauna cikin rahoto. Sannan a cikin taƙaitawar kanta ya raba su fili: ga abin da ya lalace, ga abin da ke bukatar gwani, ga haɗarin da ya samo asali daga tsufan gida, wanda ba laifin mai sayarwa ba ne. Da haka mai saye ya san gaskiya, mai sayarwa bai sha zargi ba, batun wa zai biya kuma a bar wa masu ciniki, kamar yadda dokar ta ce. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da shimfiɗa wannan a babin ciniki: aibin da zai sa mai saye ya sake tunani, ba a ɓoye shi, kuma ba a ambata shi a dunƙule yadda ba za a gane ba.

Ga 'yan'uwanmu da ke zaune a Amurka suna shirin sayen gida, ga shawarata. Ku karanta rahoton dukansa, musamman sashen lantarki, kada ku tsaya a shafin farko. Ku halarci binciken da kanku, ku tambayi mai binciken baki da baki: akwai wani haɗari da ka gani wanda ba ka sa a taƙaitawa ba? Ku tambayi shekarar ginin, da irin wayar da aka yi amfani da ita, da sunan da ke jikin akwatin wuta. Ku kuma sani cewa mai bincike ba ya fasa bango, kuma ba kowane soket yake gwadawa ba, samfuri yake ɗauka. Idan ya ce a kira ma'aikacin lantarki, ku kira shi kafin kwanakinku su ƙare, ba bayan kun tare ba.

Mu kuma a nan gida, wutar da ke shiga ɗakunanmu bolt 230 ce, kusan ninki biyu na bolt 120 da ke soket ɗin Amurka. A Najeriya akwai hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015 domin duba ingancin kayan lantarki da yadda ake haɗa su. Amma mutum nawa ne cikinmu ya taɓa neman takardar lafiyar wayarin kafin ya biya kuɗin haya ko ya sayi gida? Fenti muke dubawa, da tayil, da rijiya. Ba sai mun jira wata sabuwar doka ba. Kafin ka kwashe iyalinka zuwa sabon gida, nemi ma'aikacin lantarki da ka yarda da shi, wanda ba na mai gidan ba. Ya buɗe akwatin wuta, ya duba kaurin waya, ya tabbatar akwai wayar da ke kai wuta ƙasa, ya duba yadda aka haɗa janareto da wutar gwamnati, ya gwada na'urar da ke yanke wuta idan ta bi jikin mutum, in babu ita ya sa. Ka ce ya rubuta maka abin da ya gani a takarda, kuma ya fara da abin da zai iya kisa.

Ku kuma masu wannan sana'a, ko a Karolina kuke ko a Kano, wanda ya kira ku ya kira ku ne domin kuna ganin abin da shi ba ya gani. Ku faɗa masa a inda zai ji, da kalmomin da zai gane.

 Allah Ya tsare mu da iyalanmu daga gobara da sauran masifu.